A Koya wa Ɗaliban Kimiyya Yadda Za Su Yi wa Jama'a Bayani da Hausa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida mai farin jini mu yi magana da hukumomin jami'o'inmu, musamman masu tsara manhaja. Akwai darasin da muke ganin lokacin shigar da shi ya yi, wato koya wa ɗalibin kimiyya yadda zai isar da abin da ya sani ga mutumin da bai karanci fanninsa ba.

Ɗalibi kan shekara huɗu zuwa shida yana karatun sinadarai ko aikin gona ko likitanci, kuma duk jarrabawar da zai rubuta, wanda ya fi shi sani yake rubuta wa. Malami ko an yi masa bayani a dunƙule zai gane, domin ya riga ya san amsar. Ranar da ɗalibin nan ya kama aiki sai al'amari ya juye. Wadda ke gabansa uwa ce da goyo mai gudawa, ko manomi da ke tambayar gwangwani nawa zai zuba a famfon feshi, ko ɗan majalisa da zai sa hannu a kasafin kuɗi. Ba a taɓa gwada shi a kan irin wannan magana ba ko sau ɗaya.

A wasu ƙasashe wannan fanni ne mai zaman kansa. A Ingila ya samu ƙarfi bayan rahoton da kwamitin Walter Bodmer ya rubuta wa babbar ƙungiyar masana kimiyya ta ƙasar a 1985. Kwalejin Imperial da ke Landan ta fara digiri na biyu a kansa a 1991, Jami'ar Ƙasa ta Ostareliya ta buɗe masa cibiya a 1996, Jami'ar Stellenbosch ta Afirka ta Kudu kuma ta samu kujerar farfesa ta musamman a kansa a 2015. Abin da ya fi amfani a tarihin fannin shi ne kuskuren da aka fara da shi. Da farko an ɗauki jama'a kamar tulun da babu ruwa, a ɗura musu bayani su yarda. Makiyayan tumaki na Cumbria, a arewacin Ingila, su ne suka zama misalin da ya rushe wannan tunani. Bayan tashar nukiliya ta Chernobyl ta fashe a watan Afrilun 1986, ruwan sama ya sauke gubar a kan tsaunukansu. Gwamnati ta hana sayar da tumakin, masananta suka ce abin na makonni uku ne. Lissafinsu an gina shi a kan ƙasa mai yumɓu, wadda ke riƙe sinadarin ta hana ciyawa tsotsarsa. Ƙasar tsaunukan kuwa mai tsami ce, cike da ruɓaɓɓun tsirrai, sai guba ta ci gaba da hawa ciyawa tana shiga tumaki. Gonakin ƙarshe ba su fita daga takunkumin ba sai 2012. Brian Wynne na Jami'ar Lancaster ya bi maganar, ya nuna cewa makiyayan sun daina yarda da masanan ne saboda sun ga an yi magana da tabbaci a kan abin da ba a tabbatar ba, kuma ba wanda ya tambaye su abin da suka sani game da ƙasarsu da wuraren kiwonsu.

Mu ba sai mun je Ingila neman misali ba. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohin Arewa, Kano ba ta koma ba sai watan Yulin 2004, bayan an samo maganin daga Indunusiya. Kafin nan cutar ta koma ƙasashe da dama da suka riga suka rabu da ita. Duk wanda ya taƙaita wannan da kalmar jahilci bai saurari mutane ba. Suna tuna gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara kusan 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996, inda yara 11 suka rasu, maganar da ta kai kotu har aka sasanta da gwamnatin jiha a 2009. Suna kuma da tambaya mai ma'ana: don me ake bin mu gida-gida da ɗigon shan inna kyauta, alhali in ƙyanda ko zazzaɓi ya kama yaro sai mun sayi magani? Sunan cutar kansa bayani ne a kan tushenta. Inna ce ta sha ƙafar, wato iska, ina kuwa ruwan iska da ɗigo biyu a baki? Abin ya fara sauƙi ne da aka haɗa ɗigon da abin da iyaye ke nema, irin su gidan sauro da sabulu da sauran alluran yara, aka shigo da sarakuna a ƙarƙashin Mai Alfarma Sarkin Musulmi a 2009, aka shigo da malamai, aka bar waɗanda cutar ta nakasa su yi magana da bakinsu. Ranar 25 ga Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar. Shekarun da aka yi asara a tsakani, kuɗinsu ƙafafun yara ne.

Ƙofar gyara a buɗe take. A 2020 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta raba karatun aikin jarida gida bakwai, ciki har da sadarwa don ci gaban al'umma. A watan Disambar 2022 ta fito da sabuwar manhaja wadda ta tsara kashi 70 cikin ɗari, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da muhallinta. A cikin wannan kashi 30 muke ba da shawarar a sa kwas mai yunit uku ga ɗaliban aji uku na kimiyya, noma, likitanci, haɗa magunguna da injiniyanci: awa ɗaya ta lacca da awa shida na aiki a kowane mako, tsawon makonni 15, ɗalibai a rukunin mutum huɗu ko biyar, kowane rukuni da batu ɗaya tak da zai riƙe har ƙarshen zango.

Makonni ukun farko na sauraro ne, ba a yarda ɗalibi ya koyar da kowa komai ba. Ya nemi izinin mai unguwa, ya zauna a majalisa, a layin awo na asibitin sha-ka-tafi, a rumfar mai sayar da maganin feshi. 'Yan mata su shiga gidaje da makarantun Islamiyya na matan aure, inda maza ba za su shiga ba. Tambayoyin kaɗan ne: me kuke kiran wannan abu, me ke kawo shi, me kuke fara yi, wa kuke tambaya? A rubuta amsa da kalmomin mai ita, kada a gyara masa Hausa, kada a mayar da ita Turanci. Wannan littafin shi ne jarin sauran aikin.

Daga nan sai kalmomi, kuma nan ne ake buƙatar malamin Hausa a cikin ajin tun ranar farko. Ɗauki "ƙwayar cuta". Da ita muke kiran bakteriya, da ita muke kiran bairas, da ita muke kiran abin da sauro ke zuba wa mutum a jini. Likita ya san halittu uku ne mabambanta, maganin wannan ba ya taɓa wancan. Mai sauraro kuwa suna ɗaya ya ji, to me zai hana shi sayen kafso a kemis saboda mura, tunda an ce kafso na kashe ƙwayar cuta? Mura bairas ce, kafson ba ya yi mata komai. Abin da zai yi shi ne ya bar bakteriyar da ta jure masa ta hayayyafa a jikin mutum, ranar da ake buƙatarsa da gaske ya ƙi aiki. "Shawara" ma haka take. Rawayar ido alama ce kawai, tana fitowa daga ciwon hanta, ko zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, ko sikila, ko jaririn da bai cika mako ba, ko kuma cutar nan da sauro ke yaɗawa wadda ake yi wa allura a wata tara. In sanarwa ta ce an yi wa yaro rigakafin shawara, uwa na da hujjar ɗauka cewa idonsa ba zai taɓa yin rawaya ba, ranar da ya yi kuwa za ta ce allurar ba ta aiki.

Hanya uku ce a gaban mai neman kalma: ya ɗauki wadda ake da ita ya taƙaita ma'anarta da ɗan ƙarin bayani, ko ya aro ta waje ya rubuta ta yadda bakin Bahaushe ke faɗa, ko ya ƙirƙiro mai siffanta aikin abin. Wadda za a zaɓa ita ce wadda ke kai mai sauraro ga aikin da ya dace. "Ƙanjamau" tana siffanta ramar ƙarshe, shi ya sa mai jiki a murje kan ce shi ba abin da zai kai shi gwaji. "Cuta mai karya garkuwar jiki" ta fi tsawo, amma tana faɗin abin da ke faruwa tun mutum na kan ƙafarsa. Sai kuma a kula da iyaka, domin rediyon Katsina ana jin sa a Maraɗi, kuma wanda Bakano ke kira likita, a can an fi cewa lokotoro. Cibiyar nazarin harsunan Najeriya ta Jami'ar Bayero ta daɗe tana aikin daidaita irin waɗannan kalmomi, ya kamata ɗalibin kimiyya ya san hanyar ƙofarta.

Awo shi ne inda aka fi yin ɓarna, kuma a nan muke so kwas ɗin ya fi daɗewa. Ruwan gishiri da sukari na gida ƙa'idarsa ita ce ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. A cikin wannan jimla akwai tarko uku. Na farko cokali: na shayi mililita biyar yake ci, na cin abinci ya kan ninka shi uku, kuma gidaje da yawa na biyun kaɗai suke da shi. Na biyu cika: a shafe ake nufi, ba a tsiri ba, don haka sai an faɗa a fili cewa a goge saman da bayan wuƙa. Na uku lita, wadda ba ma'aunin ɗakin girki ba ce. Tsohuwar sanarwar da iyaye suka haddace da kwalbar lemo take awo, yau kuwa kwalabe da robobi girma-girma ne, akwai mai santilita 35, akwai 50, akwai 60. Ledar fiya-wata yawanci rabin lita ce, biyu sun ba da lita, amma sai a duba rubutun jikinta. Kuskure a nan ba ƙarami ba ne. Gishiri in ya yi yawa yana janye ruwa daga jikin yaron da dama ruwa yake nema, har ya kai shi ga jijjiga. Sukari in ya yi yawa gudawar ƙaruwa take. Shi ya sa ake ƙara ma'aunin harshe, a ɗanɗana, kada ya fi hawaye gishiri. Wanda ya samu ƙunshin ORS na asibiti shi ya fi, ya juye shi duka a adadin ruwan da aka rubuta, kada a raba garin gida biyu da ido, abin da ya kwana ya wuni kuma a zubar a haɗa sabo. Da shi ake ba da ƙwayar zink kullum har kwana 10 zuwa 14 ko da gudawa ta tsaya, miligiram 20, rabin haka ga jaririn da bai kai wata shida ba. Ɗalibin da ya iya faɗin wannan a minti ɗaya, uwa ta tashi ta haɗa daidai a gabansa, ya ci jarrabawar makon.

Ɗalibin noma nasa lissafin a famfon goyo yake. A ce takardar jikin magani ta ce lita huɗu a hekta, cikin ruwa lita 200. Famfo mai lita 20 zai yi sawu goma ke nan, kowane sawu mililita 400. Manomi ba shi da ma'aunin mililita, gwangwanin madara yake da shi. Ɗalibi ya karɓi irin gwangwanin da ake amfani da shi a garin, ya auna shi a ɗakin gwaji. In mililita 160 yake ci, amsar ita ce gwangwani biyu da rabi. In famfon mai lita 16 ne, gwangwani biyu cif. Wanda bai tambayi girman famfo ba ya riga ya kuskure. Sai girman gona: "kadada" wani eka yake nufi da ita, wani hekta, alhali hekta ɗaya ta kusa eka biyu da rabi. Manomin da ya juye maganin hekta a kan eka ya ninka ƙa'ida sau biyu da rabi, ya ƙone amfanin gona ya kuma yi asarar kuɗinsa. Ita ma lita 200 ɗin ta dogara da saurin tafiyar mai feshi da irin bakin famfon. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: a auna fili mita 10 tsawo mita 10 faɗi, a fesa masa ruwa zalla da tafiyar da aka saba, a ga lita nawa ya sha, a ninka sau 100. Masu bincike na cibiyar ICRISAT da ke Sadore a Nijar sun yi irin wannan fassara da kyau a kan takin gero. Maimakon kilo kaza a hekta, suka ce giram shida na NPK a kowane rami lokacin shuka, wato cikin murfin kwalbar lemo guda. Kowane manomi ya san murfin kwalba.

Bayan awo sai yiwuwa, wadda ta fi komai wuyar faɗa. In miji da mata duka AS ne, wato suna ɗauke da gadon sikila amma ba su da ciwon, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS, wato mai sikila. Mutane da yawa abin da suke ji shi ne ɗa ɗaya cikin 'ya'ya huɗu, don haka in na fari ya zo da sikila sai su ce sauran ukun sun tsira. Lacca ba ta gyara wannan, wake ne ke gyarawa. A samu ƙwarya biyu, ɗaya ta uba ɗaya ta uwa, kowace da ƙwayar farin wake ɗaya da ta jan wake ɗaya. Mutum ya rufe ido ya ɗauki ɗaya daga kowace, ja da ja shi ne SS, a rubuta, a mayar da waken, a sake. In aka yi sau 40 za a samu ja da ja wajen sau goma, amma mutane za su gani da idonsu cewa wani lokaci yakan zo sau biyu ko uku a jere, wani lokaci a daɗe bai zo ba. Mayar da waken cikin ƙwarya shi ne darasin, domin ciki na biyu bai san abin da na farko ya zo da shi ba. Hasashen damina da hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, ke fitarwa a farkon kowace shekara ma irin wannan kula yake so. A faɗi kwanakin da ake sa ran saukar ruwa tare da tazarar da ke iya shiga, a bambanta yayyafin farko da zaman damina, a kuma bayyana cewa ba da'awar sanin gaibu ba ce, duban alamu ne irin na dattijon da ke kallon hadarin gabas, sai dai da na'urori da kididdigar shekaru.

Ɗalibi ya koyi faɗin iyakar abu a numfashin da ya faɗi amfaninsa. Allurar zazzaɓin cizon sauro ta R21, wadda aka fara a Kebbi da Bayelsa a watan Disambar 2024, sau huɗu ake yin ta, a wata biyar, shida, bakwai da 15. Rage cutar take yi, ba ta kawar da ita gaba ɗaya ba, don haka gidan sauro na nan, gwajin jini in jiki ya yi zafi na nan. Waken SAMPEA 20-T da cibiyar binciken noma ta Samaru ta fitar a 2019 yana jure tsutsar da ke huda fure da kwanso, amma sauran ƙwari suna nan, ana yi masa feshi wajen sau biyu, kuma ba ya hana ƙwaron ajiya. An sa masa ƙwayar halitta daga wata bakteriya, wannan ma a faɗa, a kuma amsa tambayar mai tambaya ba tare da an raina shi ba. Duk abin da aka ɓoye don a samu karɓuwa yau, wani ne zai tona shi gobe a WhatsApp da ƙarin gishiri.

Wani abin kuma nunawa ake yi. Buhun PICS na ajiyar wake leda biyu ne masu kauri a cikin buhun saƙa. Ana hura kowace leda a duba ko da huji, a zuba busasshen wake, a matse iska, a murɗe bakin ta ciki a ɗaure, a ɗaure ta biyu daban, sannan buhun waje, a ɗora a kan katako nesa da bango saboda ɓera. Ƙwari na shanye 'yar iskar da ta rage su daina ci su mutu, ba tare da ɗigon magani ba. In an ga ya ƙi, to huji ne, ko ɗanyen wake, ko yawan buɗewa. Masu yaɗa shi ba su tsaya ga talla ba. Sun ɗaure buhunan manoma a bainar jama'a, aka bar su watanni, aka sake tara gari aka buɗe kowa ya sa hannu ya duba. Muhimmancin wannan ya wuce rumbu, domin ragowar maganin ƙwari irin na fiya-fiya da ake zuba wa wake ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015, kuma shi muke ci a gida.

Sai shawarar da mutum zai iya bi ya kuma ci abinci. A 2010 gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Zamfara, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, saboda ana daka da niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje, ƙura na sauka inda yara ke rarrafe. Cewa a daina haƙa bai yi aiki ba, domin abin da mutum zai samu a zinariya ya ninka na gona. Abin da ake iya bi shi ne a fitar da niƙa bayan gari, a jiƙa dutsen don ƙura ta kwanta, a yi wanka a sauya tufafi kafin shiga gida, kada turmin dutse ya koma turmin hatsi. Maganin da ke fitar da dalma daga jini kuma ba ya amfani in yaro zai koma kan ƙasar da ba a kwashe ba, shi ya sa yaran garin Bagega, ɗaya daga cikin wuraren da gubar ta shafa, suka jira magani har aka kwashe ƙasar a 2013. A 2015 irin wannan ta sake faruwa a jihar Neja.

Mako biyu sun isa a kan jita-jita da kafafen yaɗa labarai. A watan Agustan 2014, cikin dare ɗaya, saƙo ya zaga wayoyi cewa wanka da ruwan gishiri da shan sa na maganin Ebola, aƙalla mutum biyu suka rasu, wasu da dama aka kwantar. Ɗalibi ya iya haɗa saƙon murya da bai wuce minti ɗaya ba: ya faɗi sunansa da inda yake aiki, ya fara da gaskiyar magana, ya ambaci ƙaryar sau ɗaya kacal, ya faɗi dalilin da ya sa ba haka ba ne, ya rufe da abu ɗaya da za a yi. Wanda ya fara da maimaita ƙaryar ya taya ta yaɗuwa. Gidajen rediyon jami'o'i su ba kowane rukuni minti biyar a kai tsaye, da layin waya a buɗe.

Zuciyar kwas ɗin ita ce gwaji, kuma a kansa ya kamata rabin maki ya tsaya. Rukuni ya nemi mutum 10 zuwa 15 daga ainihin waɗanda aka yi saƙon dominsu, ban da ɗalibai, ban da 'yan uwa. A karanta ko a kunna sau ɗaya, kamar yadda rediyo ke wucewa. Kada a ce "kun gane?", domin kunya da ladabi za su sa kowa ya ce ya gane. A ce: Baba, in maƙwabcinka bai ji ba, yaya za ka gaya masa? Inna, ga cokula ga ruwa, haɗa mu gani. A rubuta duk inda aka kauce, a koma a gyara saƙon, a gwada a kan wasu sababbin mutane. In mutum uku suka yi kuskure iri ɗaya a wuri ɗaya, laifin jimlar ne. Maki ya tafi ga bambancin da ke tsakanin zagayen farko da na biyu, da kuma ingancin kimiyyar, wadda malamin fannin zai sa hannu a kai kafin komai ya fita.

Akwai hanyoyin da irin wannan kwas ke lalacewa, gara a san su tun yanzu. In aka jefa shi cikin darussan gama-gari na ɗalibai dubu a zaure ɗaya, zai koma haddar ma'anoni da jarrabawar zaɓi-ɗaya. In aka damƙa shi ga sashe ɗaya, ko dai a samu zaƙin baki da kimiyya mai rauni, ko kimiyya mai kyau da ba mai ganewa. Malami uku yake so a aji ɗaya, na fannin da na Hausa da na aikin jarida, kuma a lissafa wa kowannensu awanninsa a cikin nauyin aikinsa, in ba haka ba zango biyu kawai za a yi su janye. In aka bar ɗalibi ya rubuta da Turanci sannan ya fassara, za a samu Hausar da kalmominta namu ne amma ƙashinta baƙo. Ya fara faɗa da baki, a naɗa, sannan ya rubuta abin da ya faɗa. Ana kuma buƙatar ɗan kuɗin mota da na'urar naɗar murya, abin da bai kai kuɗin sinadaran ɗakin gwaji na zango ɗaya ba. Kwamitin ƙarin girma shi ma ya riƙa lissafa shirin rediyo ko ƙasidar manoma da aka gwada aka tace, domin malami ba zai koyar da abin da ya ga ba a daraja shi ba.

Kayan aikin muna da su a gida. Nana Asma'u 'yar Shehu ta tsara ilimi a waƙoƙin Hausa da Fulatanci, jajis ɗinta, wato matan da ta horar su koyar, suka kai wa matan karkara ta hanyar ƙungiyar 'Yan Taru. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a 1939, ta daɗe tana bayanin lafiya da noma da Hausa. Cibiyar NAERLS ta Zariya, mai wayar da kan manoma, ta shekara da shekaru tana fitar da ƙasidu da shirye-shiryen manoma. Wanda ke karatu da ajami ma a tuna da shi in ana buga takardar bango.

Gare ka kuma, Malam Edita, roƙonmu biyu ne. Ka ware rabin shafi sau ɗaya a wata ga aikin ɗaliban da suka ci wannan gwaji, tare da sunan sashen da ya tantance kimiyyar. Sannan a gefen shafin a riƙa buga kalmomi biyar na kimiyya da fassarar da aka gwada, masu karatu daga Sakkwato zuwa Damagaram su rubuto su faɗi yadda ake kiran abin a garinsu.

Wassalam.

Mu ne naku,
Wasu malaman kimiyya, Hausa da aikin jarida